Inna Batulu, Mai Mayar Wa Kowa Haƙorinsa

Duk ranar da lokotoro, likitan haƙori, zai zo Matameye daga Damagaram, Inna Batulu ce ke riga kowa isa rumfar likita. Ta yi shara, ta hura wuta, ta ɗora tukunyar tafasa awartaki, ta jiƙa gishiri a ruwan ɗumi. Sannan ta zauna tana jera ganyen kalgo kamar mai shirin ƙullin daddawa. Shekara goma sha huɗu ke nan tana wannan aiki. Bana ido ya fara gazawa, ta ce za ta huta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba da ƙuruciya ta fara ba. Ta haura hamsin, ga jikoki, sana'arta ƙuli-ƙuli, sai ciwon haƙori ya kai ta rumfar. Lokotoro baƙo ne daga bakin teku, Hausarsa ba ta wuce "buɗe" da "tofar" ba. Ya cire mata haƙorin, ya jefa a bokiti. Tana cikin kurkure baki ta ga wani ƙato ya zabura da ganin awartaki, ya kifar da kujera. Ta tashi ta kama kansa ta danna a ƙirjinta, tana yi masa faɗa har aka gama. Ƙaton nan ni ne, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Daga ranar lokotoro ya riƙe ta tana taya shi aiki. Mata suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta shiga lakwal, makarantar Nasara. Ta koyi tafasa ƙarfe, da danna auduga, da gane bakin da ya ɗuri ruwa. Amma rumfa ta zauna wayam, mutane sun gwammace su sha azaba a gida.

Sai aka kawo Fadima, matar Sallau marini daga Kance, a kan jaki. Cikinta wata bakwai, kunci ya kumbura har ya rufe ido, kwana shida ko kunu ba ya wucewa. Lokotoro ya ce ta bakin tafinta in ba a cire haƙorin a ranar ba, za a rasa ta da abin da ke cikinta. Fadima ta datse baki. Sallau ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza.

Inna ta kore mu, mu mazan da ke wurin, ta durƙusa gaban Fadima. "'Yar nan, zafin kike tsoro?"

Fadima ta girgiza kai, ta nuna bokiti da ido. Da ƙyar ta ce, "Inna, an ce tara su yake ya kai Damagaram. Wanda ya riƙe haƙorinka ai ya riƙe ka."

Duk garin mun san wannan magana, mu da ko gashin askinmu ba ma bari a hannun baƙo, amma ba wanda ya taɓa gaya wa lokotoro. Inna ba ta tsaya musu ba. Ta ɗauke bokitin ta kai bayan rumfa, ta tsinko ganyen kalgo, ta shimfiɗa a tafin Fadima.

"Daga bakinki sai hannunki. Ni na yi miki alkawari."

Fadima ta buɗe baki. Yarinyar da ta haifa, Sa'a, yanzu ta isa daka. Tun daga ranar, har daga Yauri da Dungu ake zuwa, kowa ya koma da ƙullinsa ya binne a gidansa.

Inna, ke ce kika ga abin da mai ilmi bai gani ba. Ke ce mai hannun sanyi da baki mai zafi, wadda take zagin mutum tana share masa hawaye. Ina ƙaunarki, kuma ba ni kaɗai ba.

Jiya na je gaishe ta, na tambaye ta ko akwai abin da ya rage mata a rai. Ta taɓa wawulonta da harshe, ta yi dariya.

"Nawa fa, Malam Illa? Har yau yana hannun baƙi. Naka ma haka."

Ba mu da yadda za mu dawo miki da shi, Inna. Sai dai godiya, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma matan garin nan da kuke cewa girma ya zo, lokacin koyo ya wuce: gobe lokotoro zai zo, ga tukunya, ga kalgo a bayan rumfa, kuma ba mai riƙe kai.