Ranar da Injin Ya Ce Bai San Iya Ba

Ni ban yi nisa a boko ba, duk layinmu na Fagge an sani. Ina tsakiyar sakandare na ajiye biro, na ce wa malamai su yi gaba, zan same su a hanya. Har yau suna jirana. Amma makarantar gindin murhun Iya, wannan ban taɓa fashinta ba.

Iya kakata ce, ita ta haifi mamana. Waina take toyawa a ƙofar gida da yamma. In aka idar da isha'i ta sauke tanda, garwashi ya rage yana ja, sai mu yaran gida mu zagaye ta. Ni gaskiya ƙonanniyar waina ce take kawo ni. Da yatsunta take tsamo ta daga tanda, ba cokali ba komai. In muka ce za ta ƙone, sai ta ce wuta ta san ta, sun daɗe tare.

"Matso nan, mijin da ba ya cefane," haka take kirana.

"Ai tun jiya na sake ki, Iya."

"To sakar min wainata ma."

Sai ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa, wa zai buɗe mata?" Mu haɗa baki mu ce ta shigo mu ji ta.

Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa. Wai wani gari ne mai ganuwa da ƙofa ɗaya, da wani tsoho mai gadi wanda ya san kowa, har tarin mutum ya ji ya san ɗan gidan wane ne. Sai fatake suka kawo wa sarki wani tsuntsu. Ba ya barci, ba ya karɓar goro, ba shi da ɗan uwa. In ya kalle ka sau ɗaya ya riƙe ka. Sarki ya ji daɗi, ya sallami tsoho, aka ɗora tsuntsu a kan ƙofa. Wanda ya ce ya sani, dogarai su buɗe masa. Wanda bai sani ba ya kwana a waje.

Rannan wata mai jego ta bar jaririnta a ɗaki ta fita itace. Gobarar daji ta rutsa da ita, ta tsira da ƙyar, fuska duk toka, gira ta babbake. Ta zo ƙofa. A nan Iya take matse hanci ta yi muryar tsuntsun: "Ban san ki ba! Ban san ki ba!" Matar tana jiyo kukan ɗanta daga cikin gari. Dogarai sun san ta sarai, amma tsuntsu bai ce ba. Sai tsohon mai gadin nan ya je ya ɗauko jaririn, ya hau ganuwa da tsufansa, ya zuro mata shi a cikin kwando. Ta zauna a waje ta ba shi nono. Shi ke nan, in ji Iya, ta ƙare.

"Haba Iya, wannan ai ba ƙarshe ba ne! Me ya sa ba a yanka tsuntsun ba?"

"Tsuntsun sarki ne, wa zai yanka? Yaro dai ya sha nono. Tashi ka wanke min tanda."

Yanzu ina da ɗan tebur a kasuwar Singa, ina cire wa mutane kuɗi da inji. Don haka ni ba maƙiyin na'ura ba ne, ita ce ubangidana. Dillalin sukari taransifa, mai adaidaita taransifa, har mai shayinmu ya liƙa lambar akawun a jikin tukunya. Kasuwa ta riga ta yi gaba. Wajen hukuma ne na sha wuya.

Iya tana da auta, Kawu Sabo. Ya daɗe da tafiya neman kuɗi ta hanyar sahara. Ba shi da waya tasa, sai ya ari ta wani ya kira, galibi wajen Sallah. Lamba ɗaya ce a kansa duk duniya, ta Iya. Sai aka sanar cewa duk layin da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba za a rufe shi. Layin da sunanta yake, ita kuma ba ta da wannan lambar. In layin ya tafi, Kawu ya tafi ke nan.

Na ce ta shirya gobe zan kai ta Sabon Gari wajen Oga Emeka, mai shagon kwamfuta da aka ba izinin yin rajista. Da safe na same ta ta ci ado, yatsu goma sun yi jawur har sun soma baƙi. Ashe ta kwana da lalle.

"Iya, biki za mu?"

"Gaban hukuma zan je, a ɗauke ni hoto. In je da hannu kamar na mai haƙar rijiya?"

Wallahi ni ma dariya kawai na yi, ban san komai ba. Oga Emeka ya ɗora babban yatsanta a kan gilashin, wuta ta kawo ja. Ya canza yatsa, ja. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya juya hannunta ya yi tsaki.

"Mama, wa ya sa ki wannan aiki?"

"Kwalliya ce, ɗan nan."

"Injin ba ya son kwalliya, Mama."

Muka goga lemon tsami, muka goga sabulu, har ya sa ta murza yatsan a goshinta. Ja. Ya ce mu jira ya goge. Muka jira. Da lallen ya fita muka koma, sai ga wata sabuwa: zanen yatsun ma babu, tanda ta cinye shi tuntuni. Ya tura mu babban ofis. Can kuma yau babu netwok, gobe mai sa hannu ya fita, jibi a dawo da sassafe. Iya tana zaune a benci da carbi, ni ina yi mata barkwanci har ya ƙare min. Muna cikin wannan sintirin aka rufe layin.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina toya waina da yamma.

Bayan watanni na danna tsohuwar lambarta don saba, sai na ji tana shiga. An sayar wa wata mata a kudu, ba ta jin Hausa ko kalma. Na ruga Sabon Gari na miƙa wa Oga Emeka wayar. Suka daɗe suna magana da yarensu. Da ya ajiye sai ya ce wai wani mutum ya taɓa kira yana ta cewa "Iya, Iya," ta ɗauka ɗan damfara ne ta kashe. Amma ta yi alkawari, in ya sake kira za ta karanta masa sabuwar lambar Iya a hankali har sai ya riƙe.

Sabon layin da sunana na yanka shi. A wurin hukuma dai har yanzu ba a san Iya ba, matar da rabin Fagge ya ci wainarta. Da ina yaro haushin tatsuniyar nan nake ji, ina son a yanka tsuntsu a buɗe ƙofa. Yanzu na gaji, na daina jiran wannan. Ni dai fatana matar nan ta kudu kada ta canza layi, kada kuma ta gaji da hawa ganuwa. Iya ta ɗaure wayar a bakin zani, Sallah kuma ta kusa. Jiya da zan fita ta ce, "Mijin banza, duba min, akwai caji?"

Na duba. A cike take.