Sunan da Inna Laraba Ba Ta Faɗa Ba

Inna Laraba 'yar Nasarawa Burkullu ce, aure ya kawo ta Duza. Ba ta taɓa shiga aji ba. 'Ya'ya bakwai ta haifa, gubar dalma ta kashe biyu a shekarun da ake daka duwatsun zinare a tsakar gida. Tun daga nan ita ke riƙe da jakar maganin yaran unguwarta. Yara ashirin da uku, kowa da lokacinsa, duk a ka. Ta san wanda ke tofarwa idan an juya baya, ta san uwar da ke cewa ta ba da alhali ta manta.

Bara ƙungiyar da ke kawo maganin ta ce za ta tantance masu rabawa, wai ko gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ni aka ɗauka in kula da na'urar gwajin, ban daɗe da gama jami'a ba. Wani tabarau ne mai ƙaramar kyamara, yana auna baƙin nan na tsakiyar ido. Idan tunani ya yi wa mutum nauyi, baƙin yakan buɗe. Ana farawa da tambaya mai sauƙi don a ga idon a natse, sannan a gwada shi da mai wuya.

Inna ta sa tabarau tana dariya, ta ce yau ta zama likita, saura farar riga. Na karanta mata tambayar sauƙin kamar yadda take a takarda: ta faɗi sunayen 'ya'yanta, daga babba.

Dariyar ta ɗauke. Ɗan farinta Musbahu ya haura shekara talatin, yana acaɓa a Bukkuyum, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. A wajenmu uwa mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ina kallon layin da ke nuna buɗewar idonta a kwamfuta yana hawa, yana hawa, ita kuma tana neman hanyar da za ta kewaye. Can ta ce, "Akwai wancan mai babur." Ta faɗi sauran, har biyun da suka rasu, muryarta a ƙasa.

Da aka zo mai wuyar, sunaye goma da lokutan shan magani, sau ɗaya na karanta ta maido min su a jere. Idonta ko motsi bai yi ba. Aikinta ne na kullum.

Kwamfuta ta ba ta jar alama, wato ta faɗi. A lissafinta, mai shan wahala a abu mai sauƙi ba shi da lafiyar tunani.

Na sami Dakta Sufyanu, shugabanmu, na yi masa bayani. Abin da har yau ke tafasa min zuciya shi ne ya gane. Ya yi dariya, ya ce shi ma ɗan fari ne, Innarsa ba ta taɓa kiransa ba. Amma wai fom ba shi da gurbin wannan, kuma waɗanda suka aiko na'urar ido suke karantawa, ba baki ba. Iyakar alfarmar da zai yi, a sake gwajin. Na roƙi a canza tambayar, ya ce kowa ita aka yi masa.

Na je gidanta ina kame-kame. Na ce sau ɗaya ne kawai, a ɗaki a rufe, ba mai ji sai ni.

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke kin san sunan nai, likita ya sani. Mi za a ƙara in na faɗa?"

Na ce jakar za su karɓe.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko ta. Kafin ta miƙa min ta zaunar da ni, ta lissafa yaran nan ashirin da uku, ta ce in rubuta wa wadda za a ba. Na fara rubutawa. Da muka zo kan Fatiha, jikarta, ta ce a riƙa ba ta da kunu, in ba haka ba amai take yi.

Takardar ƙungiyar tana neman sunan uban kowane yaro. Na ɗago na dube ta.

"Wancan mai babur," in ji Inna.

Ni na rubuta Musbahu, na ɗauki jakar na fita.