Ranar da Na Yar da Agogon Surukina

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan fili. A lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a Azare, ina da shago ɗaya da keken ɗinki biyu a bayan kasuwa. Na kusa shekara arba'in, da matata da 'ya'ya huɗu. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ban taɓa ɗaukar kayan wani ba, kuma ko ƙyallen da ya ragu a ɗinki nakan naɗe in mayar wa mai shi. Amma ina da wata cuta da ban san cuta ba ce a lokacin, wato son a gan ni. Yawan ɗinka wa manya riguna ya sa na fara jin kamar ni ma ɗaya ne daga cikinsu, har nakan gwada babbar rigar mutum a gaban madubi kafin ya zo karɓa.

Surukina dattijo ne a Katagum, iyayensa daga Barno suka zo, ya yi fataucin bandar kifi har ƙarfinsa ya ƙare. Matata ce 'yarsa ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakanina da shi ta wuce ta sauran surukai. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, in na je gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, ya amsa, ya ce a gaida gida, shi ke nan. Duk wata magana mai nauyi sai dai ta bi ta bakin wani. Yana da wani agogon hannu da kowa a gidan ya sani, mai nauyi, na farin ƙarfe da zinariya a gefe, wanda masu sanin kaya ke cewa ya fi shagona da kekunana daraja. Yanar ido ta rufe masa gani wajen shekara shida, amma bai taɓa rabuwa da agogon ba. A ƙarshen damina aka kawo shi asibiti a Azare don a yi masa aikin ido ɗaya. Da za a shiga da shi aka ce ya cire komai na jikinsa. Ya kwance agogon, ya miƙa wa matata, ya ce ta ba maigidanta ya ajiye har ya dawo a duba idon bayan mako biyu. Wannan ne karo na farko da ya ba ni amanar wani abu nasa.

Kwana uku na riƙe amanar. A rana ta huɗu, wata Asabar, akwai ɗaurin auren 'yar wani mai sayar mini da yadi a Jama'are. Na sa sabuwar shadda, na kafa hula, sai na ga hannuna ya yi fayau. Na buɗe akwati na ɗauro agogon. Matata ta gani, ta ce mini kayan Baba ne fa, ajiya aka ba ni ba aro ba. Na ce mata iska kawai zai sha ya dawo. Ta ce agogon da ya shekara talatin yana shan iskar kogi ba ya bukatar ta Jama'are. Na yi dariya na fita. A wurin ɗaurin aure na samu abin da na je nema. Abokaina teloli suka sa ni a gaba, wannan ya ce Alhaji ƙarfe nawa, wancan ya ce ashe allura ma tana kai mutum Makka, wani ya ce in dai ba ragowar yadin mutane na tara na saya ba to in rantse. Ni kuwa sai naɗe hannun riga nake yi, ko zafi babu.

Da aka kira azahar na tsuguna alwala a bakin masallaci. Na cire agogon don kada ruwa ya taɓa shi, na ɗora a kan gwiwata. Agogona na roba ba na cire shi in zan yi alwala, don haka jikina bai saba tuna akwai wani abu a gwiwa ba. Da na zo wanke ƙafa sai na ɗaga ta kawai. Ƙarar da ya yi a kan siminti ba ta da yawa, amma ni har cikin haƙorana na ji ta. Na ɗauke shi da sauri ina waige-waige. Gilashin bai fashe ba, sai ɗan tabo a gefe. Na kara a kunne, na ji yana bugawa. Na yi sallar nan ban san abin da liman ya karanta ba. Da na koma gida na naɗe shi a cikin tsohuwar hula, na tura can ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba. Lahadi da Litinin ban iya buɗe akwatin ba don tsoro, sai dai in riƙa gaya wa kaina tunda yana bugawa ai lafiya lau ne. A shago na ɗinka aljihu a bayan riga, sai da mai ita ya nuna mini.

Ranar Talata da safe na daure na buɗe. Agogo ya tsaya cik. Na kara a kunne, shiru. Nan take na yanke cewa faɗuwar nan ce ta kashe shi a hankali, wani abu ya karye a ciki. A nan ne ya kamata in kira matata, tana tsakar gida tana dama koko, taku biyar tsakanina da ita. Amma na tuna gargaɗin da ta yi mini, girman kai ya hana ni. Na sa shi a aljihu na nufi kasuwa wajen wani mai tebur da ke sa wa agogon bango da tocila batir. Ya juya shi a hannu, ya ce ƙaramin aiki ne, batir ne ya goce da ya faɗi, yanzu zai gyara masa zama. Ya nemi inda zai ɓalle murfin baya da wuƙa, ya rasa. Ya ce agogon nan taurin kai gare shi kamar mai shi. Sai ya ɗauko sukundireba ya kafa a bakin murfin, ya ɗauko 'yar guduma. Ina tsaye ina kallo. Bugu na farko ban hana shi ba. A na biyu sukundireban ya zame ya ja wani dogon rami a bayan agogon. Kafin na uku na riƙe hannunsa na karɓe kayana. Murfin bai buɗu ba, kuma ramin ya ratsa ta tsakiyar wani rubutun ajami da aka zana a bayan, wanda ban ma tsaya na karanta ba tun da aka ba ni.

Na dawo gida da hantsi na zaunar da matata na gaya mata komai. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi agogon ta girgiza shi a hankali, ta murza ɗan kunnen da ke gefensa kamar sau goma, ta kara mini a kunne. Yana bugawa. Ta ce irin wannan ba shi da batir ko kaɗan, motsin hannun mai shi ne ke wana shi, in aka ajiye shi kwana biyu dole ya tsaya. Tun tana yarinya take ganin mahaifinta yana yin haka duk lokacin da ya yi jinya ya tashi. Wato faɗuwar ba ta kashe shi ba, ajiyar da na yi masa a akwati ce kawai. Sai ta juya bayansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta gaya mini cewa sunaye biyu ne a wurin, na mahaifinta da na wansa wanda ya rene shi bayan rasuwar iyayensu. Wan ne ya sayo agogon a Makka ya sa aka zana sunayen, ya rasu shekara guda bayan dawowarsa. Ramin ya bi ta kan sunan marigayin, ya cinye haruffa biyu.

Wani abokina da na yi shawara da shi ya ce in kwantar da hankalina. Mutumin da ya shekara shida ba ya gani, ina zai san ranar da bayan agogonsa ya ƙarje? In miƙa masa kawai in yi shiru, ko da ya lura zai ɗauka tsohon tabo ne. Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini, na kwana biyu ina juya ta. Abin da ya fitar da ni daga cikinta shi ne na gane cewa so nake in ci ribar makantar dattijon da ya ba ni 'yarsa. Na ce wallahi ba zan yi ba. Matata ta ce to a bi al'ada, a tura kawuna ya je ya ba da haƙuri a madadina, tunda bai dace suruki ya tsaya gaban surukinsa da irin wannan magana ba. Na ce kawuna bai ɗaura agogo ba, bai kai shi wajen mai guduma ba. Na san in kawu ya je zai gyara labarin, ya ce tsautsayi ne, ya bar Jama'are da naɗe hannun riga a waje. Ni kuma so nake a ji shi yadda yake. Ban jira ranar dawowarsa asibiti ba, na rufe shago na shiga motar Katagum da sassafe.

Na same shi a zaure da baƙin tabarau, yana sauraron rediyo. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce a gaida gida kamar kullum, yana jiran in tashi. Ban tashi ba. Na ce Baba, da magana na zo. Ya kashe rediyon. Kaina a ƙasa na faɗa masa tun daga ɗaurin aure har guduma, ban rage ko ɗaya ba, har da cewa 'yarsa ta hana ni na ƙi ji. Na ajiye agogon a bakin tabarmarsa. Ya ɗauka, bai kara a kunne ba, sai ya kifa shi ya bi bayan da babban yatsa. A nan na gane shawarar abokina ba za ta yi ko minti ɗaya ba. Ya cire tabarau, ya matso da agogon kusa da idon da aka gyara, ya daɗe. Sannan ya ce, “Malam, faɗuwa ba komai ba ce, ni ma na sha yar da shi a cikin kwalekwale. Amma shekara shida ina shafa sunan nan da yatsa, ina cewa in Allah ya buɗe mini ido zan karanta shi.”

Can na ce ya ba ni izini in kai shi Kano wajen masu sanin irinsa, a duba ko gudumar ta taɓa cikinsa. Ya ce in kai, amma kada in bari kowa ya goge bayan, don in aka goge ramin za a tafi da sauran haruffan. Sau uku ina zuwa Kano a kan agogon nan, ana tsakiyar ɗinkin bukukuwan kaka, masu kaya suna zagina. Na yi ta tambaya har aka kai ni wajen wani tsoho mai gilashi a ido ɗaya. Ya buɗe murfin da wani ƙarfe da aka yi don wannan aikin, cikin daƙiƙa kaɗan, ba bugu ba ƙara. Ya ce bugun ya lanƙwasa wata siririyar waya a ciki, shi ya sa agogon ke gudu fiye da ƙima, ya tambaye ni wane maƙeri na kai wa. Na ce ni ne maƙerin. Ya gyara, ya riƙe shi kwanaki yana gwadawa, sannan na mayar Katagum da hannuna. Surukina ya ɗaura, ya ce ya yafe duniya da lahira. Na yarda ya yafe. Amma bayan wata huɗu da aka zo aikin ɗaya idon, ya kwance agogon ya miƙa wa matata, ya ce ta ajiye a wajenta. Ina tsaye a wurin. Ban ji haushi ba, abin da na saya ke nan, kuma na ɗaura niyyar ko shekara nawa zai ɗauka sai na zama mutumin da za a sake miƙa wa ajiya.

Abin da na koya shi ne laifina uku ne, kuma wanda na fi jin tsoro shi ne mafi ƙanƙanta. Na ɗaura abin da ba nawa ba don a yaba ni, na yar da shi, sannan na ɓoye. Faɗuwar ɗan tabo kawai ta bari a gefe. Ɓoyewar ce ta kai ni gaban guduma. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman masu surukai irin nawa, kunya abu ne mai kyau, amma ku duba da kyau, wani lokaci tsoron a ga aibinmu ne muke kira kunya. In an ba ku ajiya ku bar ta inda aka ce. In kuma ƙaddara ta faɗa mata, ku faɗa a ranar, kafin ku nemi gyara a ɓoye wajen wanda bai san kan abin ba. Agogon yana tafiya daidai har yau, amma sunan marigayin ba wanda zai sake karanta shi cikakke, kuma ni na jawo.