Umaru da Oumarou a bakin iyakar Jibiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da direban ofis. Kamfaninmu ne ke riƙe da kwangilar manhajar da wata hukuma ke yi wa 'yan kasuwar kan iyaka rajista da ita. Manhajar ta kai ƙarar wata ma'aikaciyarsu a Jibiya: wai tana amincewa da mutane masu zanen yatsa ɗaya amma suna biyu. Har an dakatar da ita, rahotona ake jira a kore ta. Ni kuwa tun a mota na gama yanke mata hukunci, domin ban cika yarda da mutane ba, balle na bakin boda.

Daga Katsina zuwa Daddara shinge kan shinge ne. Kowa ya leƙo sai ya tambayi abin da ke cikin jakar kwamfutata, kamar zinari na ɗauko. A Magama muka karya da shayi da dogon burodin nan na Nijar mai neman fasa dasashi. Mai shayin ya tambaye ni ko da sefa, kuɗin Nijar, zan biya, na ce a raina wannan ma so yake ya auna ni.

Na iske matar zaune a benci a wajen ofis, tun da an hana ta taɓa na'ura. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a garin har Katsinanci ya kama bakinta. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Malam, gyara kuka zo yi, ko wanda za ku ɗora wa laifi kuke biɗa?" Raina ya ɓaci. Na ce a raina lallai mai gaskiya ba ta farawa da tsiwa.

Na sa aka kira min ɗaya daga cikin masu suna biyun, wani dattijo mai fataucin albasa, ya zo da motarsa. Kafin ya fito idona ya sauka a jikinta. A ƙofar direba an rubuta Alhaji Umaru Musa. Na zagaya ɗaya gefen, sai ga El Hadj Oumarou Moussa. Na ce, "Baba, motar ta mutum biyu ce?"

Ya yi dariya. "Ni ɗai ne, ɗana. Wancan mushe ya rubuta mani shi tun ina yaro, shi ke bisa katina na Nijar."

Na ce mushe kuma, subhanallahi! Sai da direba ya raɗa min cewa a tsallake malamin boko ake kira haka, ba mataccen jaki ba. Ashe tsohuwar rajistar kasuwa ta san shi da Umaru, katinsa na cewa Oumarou, manhajarmu kuma da aka haɗa a ofis mai sanyi ba wanda ya taɓa gaya mata Umaru da Oumarou mutum guda ne. Na duba sauran, duk haka suke.

Nan take na kira manajanmu da murnata. Sai ya ce kada kalmar kuskure ta fito kusa da sunan manhaja, ana dab da sabunta kwangila. In rubuta cewa ma'aikaciyar ce ta yi sakaci. Sai lokacin na tuna cewa ni da na fi kowa saurin zargi a ofis aka zaɓa aka turo.

Da za mu tafi matar ta biyo mu bakin mota. Ba ta roƙe ni ba, ta dai ce 'ya'yanta uku ne a makaranta. Har muka shiga Kano da la'asar ban iya cin kilishin da na saya ba.

Abin da tafiyar ta koya min, zargin da na loda a mota na kai Jibiya, a Kano ya kamata in sauke shi. Na rubuta abin da na gani, na haɗa da hoton ƙofofin motar Alhaji, na tura wa hukumar da manaja a lokaci guda. An mayar da ita aiki. Ni kuma ran Litinin na buga sunana a kwamfutar ofis, harafi ɗaya ban canza ba, manhajar shiga aiki ta ce ba ta san ni ba.