Baba Sai-Kun-Zauna Ya Ajiye Makulli

Da an idar da sallar asuba yake kama hanyar gareji a ƙasa, da ɗan tsummansa a aljihu. Kafin ya taɓa makulli sai ya zagaya motar, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta ko ta yi yoyon mai. Ya goge madubai, ya goge ƙarfen da fasinjoji ke riƙewa, sannan ya bi kujeru yana girgiza su, kada wadda ƙusarta ta fito ta yaga wa wani riga. In ya gama sai ya hau, ya tayar da ita a hankali kamar mai tashin tsoho daga barci. Haka direban bas ɗin unguwarmu ya yi ta yi tun ina zuwa makaranta da jaka a baya, har ga shi yau 'ya'yana na tsince min furfura. Watan jiya ya yi ritaya. A ranar kuma hukumar sufuri ta rufe layin da bas ɗin ke bi, wai motar ta tsufa kuma babu wata.

Baba Sai-Kun-Zauna, haka yaro da babba ke kiransa, kuma halinsa ne ya jawo masa. Ba ya saka giya muddin akwai tsoho, ko mai ciki, ko mai goyo a tsaye. Ba ya faɗa, ba ya nuna kowa da yatsa. Madubin sama kawai zai kalla, ya sauke hannu daga sitiyari, ya ce, "Ni dai ina nan, sai kun zauna." Nan za ka ga samari sun tsura wa taga ido kamar yau suka fara ganin titi. Masu sauri su yi ta tsaki. Daga ƙarshe kunya ta ci wani ya miƙe.

Ina cikin motar ranar da wani saurayi mai ƙamshin turare ya ɗaga murya daga kujerar gaba.

"Haba Baba, mun makara fa!"

"Yi haƙuri ɗana, ai ba ni na riƙe ka ba," in ji shi. "Kujerar da kake kai ce ta riƙe mu duka."

Mota ta kwashe da dariya, har shi saurayin. Ya tashi, wata tsohuwa ta zauna tana sa masa albarka, muka tafi.

Wannan kowa ya gani. Akwai wanda sai da na tambaya na ji. Matar da ke sayar da lemo da ayaba a tashar bakin makarantar firamare ta ce min, "'Yar'uwa, duk motar da ta tsaya nan hayaƙi take hura min, ni da kayana da yaran mutane. Shi kaɗai ne in ya tsaya yake kashe inji. Na taɓa ce masa ba ya tsoron ta ƙi tashi? Ya ce in ta ƙi sai mu tura, ai muna da yawa." Bakaniken gareji kuwa dariya ya yi da na ambace shi. "Wannan tsohon? Ya hana ni sakat. Da ya hango baƙi a hayaƙinta zai zo ya tsaya min a ka, ko da ranar hutunsa ce. In ce Baba bari sai gobe, ya ce a'a, mutane ne a bayan salansar nan, ba bango ba."

Baba, kai ne wanda ba ka taɓa hawa mumbari ka yi jawabi a kan muhalli ba, amma ka daɗe kana tausaya wa ƙirjin mutanen da ba su ma san kana yi ba. Kai ne mai tsayawa daf da dakalin tasha, har matakin mota ya kusa haɗe da shi, don kada mai ciwon gwiwa ya sha wahalar ɗaga ƙafa. Na san wannan ne domin mai ciwon gwiwar uwata ce.

Umma su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da ƙanwarta da muke kira Inna. Inna tana can ƙetaren gada, a ɗaya ƙarshen gari, kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Duk Laraba Umma kan yi wanka da wuri, ta ɗauki sandarta da 'yar jakarta mai mataji da man kitso, ta taka zuwa tasha. Bas ɗin Baba ya ɗauke ta daga bakin layinmu ya sauke ta a bakin nasu, babu canjin mota. Ta wuni can tana taje wa Inna kai, tana yanke mata farce, suna musu a kan wacece a cikinsu ta fasa madubin mahaifiyarsu tun suna yara. Har yau ba a gano mai laifin ba. Da la'asar ta dawo fuskarta a sake, ta ci abinci sosai, ta yi ta ba mu labari.

Tun da aka rufe layin sau ɗaya ta je. Babur dai ba zancensa, ƙafarta ba ta ɗaguwa. Ƙaramar mota muka shiga, aka matse ta a baya kamar kayan wanki, aka sauke mu a tsakiyar gari muka nemi wata. A kan gada muka tarar da cunkoso, rana na duka, hayaƙi na shigowa ta kowace taga. Ta dawo gwiwa a kumbure, ta kwana biyu tana tari. Shatar mota ba abin kowane mako ba ne ga irinmu. Muka ce to a gwada waya. Harshen Inna ya yi nauyi, kunnen Umma ya yi rauni, sai ka ji ɗaya na "Me kika ce?" ɗaya na ƙoƙarin maimaitawa har ta gaji. Ranar Umma ta ajiye wayar ta juya fuska bango, ni ma na fita tsakar gida na yi kukana.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yanzu kowa mai kare muhalli ne. Kwanan baya 'yan siyasa suka zo unguwarmu da korayen huluna, kowa da motarsa da ta masu rakiya, har suka toshe titi. Aka dasa itatuwa, aka ɗauki hoto, aka yi magana a kan ɗumamar yanayi. Ba na raina dashen itace, ni da kaina nake ba wa na ƙofar gidanmu ruwa. Amma ku zo ku shafa ganyensa, ku ga baƙin da zai bar muku a hannu. Mutanen da bas ɗaya ke kwasa a tashi guda, yanzu sun watsu cikin babura da ƙananan motoci, kowace da injinta, kowace da hayaƙinta, duk a kan titin da bai ƙara faɗi ba. Mai hali ya ɗage gilashi ya kunna sanyi. Mai tafiya a ƙasa, da ɗan makaranta, da mai sayar da lemo, su ke shaƙa. Wanda ke son iska mai kyau da gaske, ya fara da ba mutane motar da za su yarda su bar nasu ƙananan su shiga: babba, mai tsafta, mai zuwa a kan lokaci, wadda tsohuwa za ta iya hawa.

Makon jiya Baba ya zo gaishe da Umma, a ƙasa, da hularsa ta aiki. Na shimfiɗa masa tabarma a soro, Umma ta fito tana dogara sanda.

"Malam Direba, ka yashe mu," ta ce tun kafin ta zauna.

"Hajiya, ni ma yashe ni aka yi. Ni na tsufa, na yarda, ido ya fara gajiya. Amma ai hanya ba ta tsufa ba. Ga direbobi nan matasa birjik suna zaman banza, a ba su mota mana."

Ya ce har yanzu da asuba yakan shirya tsaf, sai ya kai ƙofa ya tuna babu inda za shi. Ya koma ya zauna yana sauraren titi. Sannan ya tambayi jikin Inna. Na yi mamaki, domin bai taɓa ganinta ba.

"Ban san fuskarta ba," ya ce, "amma na san lafiyarta. In Hajiya ta hau da yamma tana tsokanata, na san jiki da sauƙi. In ta hau shiru, sai in lallaɓa motar, in kauce wa ramuka."

Umma ta sa bakin mayafi ta share ido.

Baba, mun gode. Mun gode da jiran da ka yi mana, da wanda ka sa muka yi wa juna. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka huta hutun da ya dace da kai, Ya ba ka masu tsaya maka kamar yadda ka tsaya wa iyayen mutane. Direbobin da ke tasowa, ku je ku zauna da shi tun yana nan, ƙofarsa a buɗe take kuma yana son hira. Ku kuma masu korayen huluna, ga aikin da za ku yi mu gani da idonmu: ku mayar da bas kan layin nan, ku ƙara wasu a sauran unguwanni, ku ɗauko mutane irinsa ku damƙa musu.

Na je hukumar sufuri da kaina na tambaya. Wani jami'i mai fara'a ya ce min maganar sababbin motoci tana cikin tsari, ana kan nazari, a ƙara haƙuri. Na dawo na faɗa wa Umma yadda muka yi, da ƙarfi don ta ji. Ta murza gwiwarta.

"To, ki koma ki ce musu ni zan iya jira," ta ce. "Ƙanwata ce ban sani ba."