Tagar Ottilia Amstad

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta Luzern da jaka goye a baya, aljihu kuma ba nauyi, to ko bai kwana a gidan Ottilia Amstad ba, ya ji labarinta a bakin wanda ya kwana. Gida ne siriri mai tsawo a wani lungu, kusa da inda ruwan tafki ke fita ya zama kogi. Gadaje ne masu hawa biyu a kowane ɗaki, ga ɗakin ajiye takalma a ƙasa wanda warinsa kaɗai ya isa ya tayar da maras lafiya. Tana amarya ta shigo gidan, ta tarar da surukarta tana wannan sana'a ta saukar da matafiya, ta kama mata. Surukar ta rasu, mijinta Melk da ke aiki a jiragen tafki shi ma ya bi bayan uwarsa, ita kuwa Ottilia tana nan tana wankin zanen gado.

Ba don gadajen aka san ta ba, don wallahi katifun nan sun daɗe da mutuwa. Tagarta ce ta yi mata suna. Kullum da safe, kafin ta jera wa baƙi burodi da cuku da kofi, sai ta hau can ɗakin ƙarshe na sama, ta buɗe tagar da ke kallon dutsen Pilatus, ta tsaya tana kallo. In ta sauko, magana ɗaya ce daga cikin biyu: ko ta ce ku hau, ko ta ce ku zauna. Babu ta uku. Baƙon da ya ƙi ji ya hau ranar da ta ce a zauna, yakan dawo da yamma jiƙe sharkaf, bai ga komai ba sai hular na gabansa, ita kuma ko kallonsa ba ta yi, sai dai ta nuna masa inda ake shanya safa.

Akwai rantsuwar da ta yi, kuma duk unguwa mun haddace ta don yawan maimaici. Takan ce ranar da ta faɗa wa baƙo abin da ba haka ba a kan dutsen nan, ranar za ta rufe ƙofar gidan. 'Yarta Regula, wadda ke aiki a Zurich, ta daɗe tana yi mata nacin ta bar gidan ta koma wani ɗan ƙaramin wuri marar matakala, ta huta. Amsar kullum ɗaya ce: tunda tagar ba ta kunyata ta ba, ba inda za ta.

Gaskiyar magana, ta gaji. Ta gaji da matakalar da take hawa tana hutawa a kowane bene, ta gaji da tsintar gashin mutanen duniya a magudanar banɗaki, ta gaji da tambayar da ba ta canzawa, wai ina gadar katako, alhali ga gadar can a ƙarshen lungu. Fuskokin baƙi ma sun daina bambanta a wurinta. Su zo da jaka, su ci, su ɗauki hoton agwagwa a bakin tafki, su tafi. Na yanzu kuwa ko jiran maganarta ba sa yi. Kowa da wayarsa a hannu tana nuna masa kan dutse tun yana kan gado. In ta ce ku zauna, sai su yi murmushi, su gode, su ɗaura takalma.

A shekarar da nake ba da labari, Ottilia ta fara ƙorafin cewa komai ya lalace. Ƙwan lantarkin zamani ba ya haske. Mai yin tabarau ya cuce ta. Gilashin tagar sama ya dusashe, ta wanke shi da ruwan tsami har hannunta ya yi kanta, bai gyaru ba. Uwa uba hazo. Mu nan mun saba, in kaka ta yi nisa hazo kan sauko ya kwanta a kan tafki da gari makonni, rana kuwa tana can sama da shi, sai wanda ya hau dutse ke ganinta. To amma a wurin Ottilia, hazon bana tun lokacin zafi ya sauka, kuma ya ƙi ɗagawa.

Mun sani fa. Kada wani ya ce bai sani ba. Takan shiga shagon Balz mai burodi da safe, sama garau ba ko ɗigon gajimare, ta ce hazon nan zai kashe mutane. Balz ya leƙa waje, ya dubi sama, ya dubi tsohuwa, ya ce to, haka ne, ya naɗe mata burodinta. Haka muke a garin nan. Mutum ya ajiye shara ba ranar kwasarta ba, kafin azahar an sanar da shi. Amma a ce wa babbar mace idonki ya fara tafiya, a'a, wannan shiga sha'anin mutane ne, rashin tarbiyya ne. Sai muka yi ta gyaɗa mata kai kamar ƙadangaru, muna ganin mutunci muke yi mata.

Da yake ba mai bin maganarta, abin bai cuci kowa ba, sai da Sekar ta zo. Ungozoma ce daga Surabaya, wani birni mai zafi can gabas mai nisa, ta haura hamsin, 'yar gajeruwa, jakar da ta goyo ta kusa fin ta tsawo. Ta faɗa wa Ottilia da guntun Turancin da suke fahimtar juna da shi cewa tunda take ba ta taɓa taɓa dusar ƙanƙara ba, shekara da shekaru tana sa rana ana haihuwa tana fasawa, yanzu ma kwana uku gare ta a garin. Inda ta fito kuwa, in babba ya yi magana ba a musa masa.

Safiyar farko Ottilia ta hau, ta sauko, ta ce ku zauna, kan dutse a lulluɓe yake. Sauran baƙi suka ɗaura takalma suka fice. Sekar ta zauna. Da ta fita yawo bakin tafki ta ɗaga kai, sai ga dutsen tsaye fari fat, har yana kashe ido. Ta ce a ranta lalle tsohuwar ta hango wani abu da zai zo da rana. Ba abin da ya zo. Washegari ma haka aka yi, ta wuni tana ciyar da agwagi tana satar kallon dutse, da yamma ta dawo ta gaishe da Ottilia da ladabi.

Rana ta uku hazon gaske ya sauka. Wannan kam Ottilia ba ta buƙaci ido ba. Tun tana kan matakala ta ji jirgin tafki yana busa ƙaho, ta buɗe taga ta ji iska a tsaye cik, sanyi busasshe, ƙararrawar coci kamar a cikin ɗaki ake kaɗa ta. Irin hazon nan ne mai kwanciya ƙasa ya bar sama a buɗe. Ta sauko ta ce ku hau. Sai ta ga Sekar tana fama da igiyar takalmi, ta ji wani abu ya taɓa mata zuciya, ga ita kanta ta yi kewar rana har tana jin abin a ƙashinta. Rabonta da kan dutsen tun Melk na da rai. Ta ɗauko tsohuwar rigar sanyinsa ta ce su tafi tare.

Balz yana share ƙofar shago ya gan su.

"Ottilia, ina zuwa da rigar marigayi? Ko miji za a nemo a sama?"

"In na samo mai iya gasa burodi ai ka shiga uku," in ji ta, ba ta ko tsaya ba.

Suka shiga mota zuwa gindin dutse, suka hau wani ɗan akwati mai bin igiyar ƙarfe da ke kai mutane kan dutse. Sekar ta ƙanƙame kujera da hannu biyu. Suna cikin farin hazo, ba a ganin komai sai kan itatuwa na wucewa, can sai akwatin ya cika da haske, mutanen ciki suka ɗauki sowa. Ottilia ta ji ɗumi ya sauka a kuncinta. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta mayar.

A can sama Sekar ta manta da shekarunta. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin dusar ƙanƙara ba safa, ta ɗebo, ta shinshina, ta ɗanɗana, tana dariya hawaye na zuba. Ottilia ta lallaba ta kama ƙarfen da aka kewaye wurin da shi. Tana jin kukan baƙaƙen tsuntsayen nan masu bin mutane neman ɓarɓashin burodi, tana jin rana a goshinta, amma gabanta fari ne kawai, irin farin da ta baro a tagarta. Ranta ya ɓaci. Ta kira Sekar ta ce ta yi haƙuri, ta jawo ta a banza, hazon bana har nan ya biyo su.

Sekar ta juyo ta dube ta.

"Mama, babu hazo a nan."

"Me kike gani?"

Sai ta shiga faɗa mata. Hazon yana can ƙasa shimfiɗe kamar audugar katifa, ya rufe gari da tafki. Duwatsu kuwa ga su nan jere har iyakar gani, kowanne da farin kai, sama shuɗiya ba tabo. Ottilia ta san kowane ɗaya da sunansa, ta san inda kowanne yake tsaye. Ta juya fuska wajen da ya kamata su kasance, ta buɗe ido iya buɗewa.

"Jiya fa, a ƙasa?"

"Garau yake, Mama."

"Shekaranjiya?"

"Ita ma."

"Kika gani da idonki kika zauna?"

"Ke kika ce in zauna."

Ottilia ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta nemi benci ta zauna, ta ce wa Sekar ta je ta more, kada ta damu da ita. Abin da ya dame ta ba idon ba ne. Lissafi take: da yau hadari ya taso, da matar nan ta koma ƙasarsu ba ta taɓa abin da ta zo taɓawa ba, kuma bakinta ne ya jawo. Ta tuna duk safiyoyin da ta sauko da ƙasaita ta ce ku zauna, yara suna murmushi suna ɗaura takalma. Ashe ba raini ba ne, tausayi ne. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Da suka sauko, Sekar ta rungume ta a tasha ta hau jirginta. Ottilia ta biya shagon Balz, ta tsaya a bakin kanta ba ta sayi komai ba, ta tambaye shi tun yaushe. Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce tun farkon zafi, amma ya ga ba huruminsa ba ne. Ta ce madalla, da shara ce ta ajiye ba ranarta ba da tuni ya ga hurumi. Ya shiga goge kantar da ba ta da datti.

Da yammar nan ta kira Regula. 'Yar ta saurara, ta ce in dai yanar ido ce ai abu ne mai sauƙi, likita zai cire ta, ta dawo tana gani kamar yarinya, ba ma sai an taɓa maganar gida ba. Abin dariya, wadda ta shekara goma tana cewa a rufe, yau ita ke cewa a dakata.

"A cire, ban ƙi ba," in ji Ottilia. "Amma kin san abin da na ce, kuma ranar ta zo. Ki taho ranar Asabar da akwatuna."

Regula ta ce Mama, rantsuwa ce fa da ba wanda zai bi ki bashinta. Ottilia ta ce ta sani, ta kuma ce ita fa ta gaji, ta gaji ƙwarai. Wannan ne karo na farko da 'yar ta ji kalmar daga bakinta, sai ta daina musu.

Washegari ba ta hau sama ba. Ta jera burodi da cuku kamar kullum wa ragowar baƙin da ke gidan, ta sanar da su cewa daga su ba za a ƙara karɓar kowa ba. Wani dogo mai jan gemu, wanda aka ba shi labarinta tun a hanya, ya ajiye wayarsa ya tambaye ta da fara'a, yau hawa ne ko zama?

"Ban sani ba," in ji ta. "Tagar tana sama, ba a kulle take ba."

Sai ta ja kujera ta zauna a teburin baƙi, inda ba ta taɓa zama ba tunda ta shigo gidan. Ta laluba kofi, ta ɗaga buta tana zubawa. Kofin ya cika ya malala a kan farin zanen tebur, yana bin saƙar yana faɗi. Wata baƙuwa ta zabura za ta ɗauko tsumma. Ottilia ta dafa hannunta ta ce ta bar shi, ta ɗauki kofin da hannu biyu ta kai baki.