Anti Sannu ta Teburin "An Cinye Mini Kati"

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar ofishin kamfanin waya, Anti Sannu ta riga ta goge teburinta, ta ajiye ruwan sanyi da kofi a gefen kujerar baƙo. Teburinta na masu ƙorafi ne, kuma duk wanda ya nufo shi da wuta yake zuwa. Shekara da shekaru da kalma ɗaya take tarbar su, "sannu," har kalmar ta zame mata suna.

Kukan kusan iri ɗaya ne: "An cinye mini kati!" Sai ta bar mutum ya zazzage cikinsa, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla: kamfani sakan-sakan yake caji, daga ɗaga waya har kashewa, a wani tsarin minti na farko ya fi tsada, "ina gajiya, ya yara" ma kuɗi ne. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa takanas don ta ga marar kunyar yarinyar da ke katse mata magana da "katinki ya kusa ƙarewa." Anti ta yi ta bayanin cewa na'ura ce. Da ta ga ba ta ɓulle ba, sai ta ce, "Yi haƙuri, Iya, zan ja mata kunne." Tsohuwa ta tafi tana sa mata albarka.

Amma abin da abokan aikinta ba sa mantawa shi ne ranar tela. Ya shigo yana huci, matarsa na biye da shi, idonta jawur. Ya ce kullum ya sa kati, kira ɗaya yake yi, kafin ya waiga babu ko sisi. Ya rantse matar ce ke kiran danginta in ya shiga wanka. Ita kuwa ta riga ta ɗaure kayanta: ko a wanke ta yau, ko ta wuce gidansu.

Anti ta dubi matar, ta gane wannan ya wuce maganar kati.

"Sannu, Malam. Wa kake kira?"

"Yayana kaɗai. Ni ba na dogon zance."

Anti ta sayi ƙaramin kati da kuɗin jakarta, ta ce ya kira shi a gabanta. Tela ya kira, ya yi gaisuwa a gurguje kamar ana binsa, ya ce "sai an jima," ya jefa wayar a aljihu.

"Kin gani? Nan nawa na ci?"

Anti ta ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit. Can sai ga ƙarar rediyo ƙasa-ƙasa daga aljihun tela. Ta sa ya fito da wayar, ta ƙara murya. Sai ga Yaya yana faɗa wa wani: "Ƙanen nan nawa rowa ce za ta kashe shi. Gaisuwa ma awo yake yi mata."

Masu jiran layi suka fashe da dariya. Anti ta cije leɓe.

"Malam, kai ka yi sallama, Yaya ya yi sallama, amma wayoyin ba su yi ba. Aljihunka da nasa ne ke hira har kati ya ƙare. Kamfani kuwa ba ruwansa da mai magana, layi a buɗe kawai ya sani."

Matar ta gyara mayafi. "To, sai ka kori aljihun ya tafi gidansu."

Anti ta nuna masa jan maɓallin kashe kira, ta sa ya yi ta dannawa har hannunsa ya saba. Sannan ta sassauta murya: "A gaban mutane ka zarge ta. A gabansu za ka ba ta haƙuri." Tela ya juya wajen matarsa, ya bayar. Tare suka fita, matar ce riƙe da wayar.

Anti Sannu, ke ce bangon da fushin gari ke duka ya koma. Ba ke kika yanka farashi ba, amma ke kika sha zagin, kuma ba ki taɓa sa wani ya ji shi wawa ne don bai san lissafin sakan ba. Mun gode, Allah ya saka. Duk mai zama bayan teburin jama'a ya ɗauki darasi.

Ƙarshen watan nan Anti take ajiye aiki. Manaja ya tambaye ta me za ta fara yi in ta zauna a gida.

"Kamfani zan kira, ranka ya daɗe. Ni ma ana cinye mini kati, ban dai samu wanda zan faɗa wa ba."

Duk ma'aikacin da kiran nan ya faɗo hannunsa, ya gyara zama. Malamarsa ce a kan layi.